Oliver Cromwell: gwarzon majalisa ne ko mahaucin Ireland?

Sadiq_Landan:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga masana tarihin zauren nan. A harabar majalisar dokokin Birtaniya da ke Westminster akwai gunkin wani mutum, takobi a hannu ɗaya, Baibul a ɗayan, ga zaki kwance a ƙasansa. Sunansa Oliver Cromwell. Na ɗauki hoto na nuna wa abokin aikina ɗan Ireland, ina cewa ga wanda ya ƙwato wa majalisa 'yanci daga hannun sarki. Wallahi mutumin nan kullum cikin raha yake, amma nan take ya haɗe rai. Ya ce a garinsu idan kaka ta fusata da mutum, cewa take yi la'anar Cromwell ta hau ka. Shi ke nan, bai ƙara ba, ni ma na ja bakina. To wane ne shi? A ganina dai wanda ya nuna wa sarki cewa bai fi ƙarfin doka ba ya cancanci gunki.

Malam_Idi_Zazzau:
Wa alaikumus salam Sadiq. Kai da abokin naka kowa ya kama gefe ɗaya ne na giwa. Bari in fara da yadda ya taso, don nan ne abin mamakin yake.

An haife shi a 1599 a Huntingdon, gidan masu rufin asiri amma ba manyan attajirai ba. Har ya kai shekara 40 ba wanda ya san da zamansa. A 1631 ma sai da ya sayar da kadarorinsa ya koma St Ives yana noma a gonar haya, sai a 1636 gadon kawunsa a Ely ya ɗaga shi. A cikin waɗannan shekarun ne ya shiga aƙidar Furitan gadan-gadan, wato Furotestan da ke ganin cocin Ingila bai gama wanke kansa daga al'adun Katolika ba. Daga nan ya sakankance cewa Allah ya zaɓe shi don wani aiki. Ku riƙe wannan, za ta yi amfani gaba.

Shi kuwa Sarki Charles na Ɗaya shekara 11 ya yi yana mulki ba majalisa, daga 1629 zuwa 1640, yana ƙaƙaba haraji yadda ya ga dama. Da kuɗi suka ƙare masa saboda rikicin Scotland, dole ya kira ta. Cromwell ya shiga a matsayin wakilin Cambridge. A 1642 aka kai ga yaƙi tsakanin sarki da majalisa. Lokacin yana da shekara 43, bai taɓa jan ko bataliya ba.

Kofur_Mai_Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, a bar mini wannan ɓangaren, gonata ce. Abin da ya ɗaga Cromwell ba wa'azi ba ne, ladabtar da sojan doki ne. Mahayan sarki, ƙarƙashin Yarima Rupert, jarumai ne, amma in suka fasa sahun abokan gaba sai su bi su da sukuwa har su ɓace, wasu su tsaya kwasar ganima. Na Cromwell in suka fasa, sai su ja linzami, su sake jeruwa, su dawo su afka wa sojan ƙasa ta baya. Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san tsayar da soja lokacin da yake ganin nasara ya fi tura shi gaba wuya. Da haka ya yi fice a Marston Moor a 1644 da Naseby a 1645. Kuma ba ya duba ɗan gidan wa ne kai wajen ba da muƙami, in dai ka san abin da kake yaƙi dominsa.

Barista_Gusau:
Ƙaramin gyara, don kada a ɗauka shi ne babban kwamanda tun farko. Sabuwar rundunar da majalisa ta kafa a 1645 Thomas Fairfax ne shugabanta, Cromwell mataimaki ne mai kula da sojan doki. Abin dariya ma, an yi doka a shekarar cewa duk ɗan majalisa ya ajiye muƙamin soja. Cromwell yana cikin masu tura dokar. Manyan da ke gabansa duk ta share su, shi kuma aka riƙa yi masa ƙarin wa'adi har maganar ta bi ruwa.

Sannan Sadiq, batun "sarki bai fi ƙarfin doka ba": ka san yadda aka samu majalisar da ta amince a gurfanar da sarkin? Ranar 6 ga Disamba 1648 Kanar Thomas Pride ya tsaya a bakin ƙofar majalisa da sojoji da jerin sunaye a hannu. Wanda ake ganin yana son sulhu da sarki, a hana shi shiga, wasu a tsare su. Ragowar ne suka kafa kotun. Cromwell ya iso Landan da yammacin ranar, ya ce bai san da shirin ba amma ya ji daɗi. Ranar 30 ga Janairu 1649 aka sare kan Charles. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisan, sunan Cromwell ne na uku.

ZeeZee_Kn:
"Bai sani ba amma ya ji daɗi" 😂 wannan ai mun san irinta. Barista, juyin mulki ne kawai ba a samu gidan rediyon da za a sa badujala ba.

Sadiq_Landan:
To na ji. Amma me ya kai shi Ireland? Ai rigimar ta Ingila ce.

Malam_Idi_Zazzau:
Sarki ɗaya ne a kan ƙasashe uku, Ingila da Scotland da Ireland, shi ya sa wutar ta kama ko'ina. Tun 1609 aka fara ƙwace filayen 'yan asalin Ulster, a arewacin Ireland, ana zaunar da Furotesta daga Ingila da Scotland. A Oktoban 1641 Katolika suka yi bore, aka kashe baƙin nan da yawa. A gadar Portadown kaɗai an tura kusan mutum 100 cikin kogi. Masana yanzu suna ƙiyasin kusan 4,000 aka kashe kai tsaye, in an haɗa da waɗanda sanyi da yunwa suka kashe bayan an kore su tsirara, ƙila ya kai 12,000. Amma ƙasidun da aka riƙa bugawa a Landan cewa suke 150,000, wasu har 200,000, da zane-zane masu tayar da hankali. Da wannan labarin sojojin Cromwell suka kwana suka tashi shekara takwas.

Na biyu, a farkon 1649 gwamnatin Katolika da ke Kilkenny ta haɗa kai da magoya bayan sarki ƙarƙashin Ormond, wakilin sarki a Ireland. Wato ɗan marigayi Sarki Charles ya samu sansani a bayan gida. Na uku kuma kuɗi, amma wannan Barista zai fi ni bayani.

Ummu_Khalil:
Salamu alaikum. Yawanci karatu kawai nake yi a zauren nan, amma yau dole in sa baki, don a Drogheda nake zaune, aikin jinya ya kawo ni. Garin yana kan kogin Boyne, arewa da Dublin, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa. Akwai wani tudu da ake kira Millmount, in ka hau kana ganin garin duka, rufin gidaje da hasumiyoyin coci da kogin ya raba su biyu. Ranar da na fara hawa da yarana hotuna kawai muke ɗauka, sai daga baya na san a kan tudun nan sojojin Cromwell suka kashe kwamandan garin da mutanensa a 1649 bayan sun ajiye makamai.

Wata tsohuwa da na taɓa jinya, ta haura 80, in allura ta yi mata zafi sai ta harare ni cikin wasa ta ce ko Cromwell ne ya aiko ni. Abin da ya faru shekara 370 da wani abu ke nan, amma a bakinta kamar maƙwabci ne da ya ci mata amana bara.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Ni fa ban son a riƙa auna mutanen da da mudun yau. Dokar yaƙi ta lokacin a bayyane take: in an yi wa gari ƙawanya, aka nemi ka miƙa wuya ka ƙi, har aka fasa ganuwa aka shiga da ƙarfi, to jininka ya halatta. Cromwell ya aika wa Arthur Aston, kwamandan Drogheda, takarda ya ƙi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Ku duba Magdeburg a Jamus a 1631, sojojin ɓangaren Katolika sun hallaka kusan mutum 20,000. Wa ke tsine wa kwamandansu yau? Kuma da Cromwell ya sauka Dublin ranar 15 ga Agusta 1649, ya fitar da sanarwa ta hana sojojinsa taɓa kayan talakawa, har rataye wasu ya yi saboda satar kaji.

Barista_Gusau:
Ɗan'uwa Gaskiya, hujjarka tana da ƙafa, amma ɗaya ce. Mu bar abin da maƙiyansa suka faɗa, mu ɗauki wasiƙar da shi da kansa ya rubuta wa kakakin majalisa William Lenthall. Ya ce cikin zafin faɗa ya hana a bar duk wanda ke ɗauke da makami a garin, kuma a daren nan an kashe kusan 2,000. Ya ce wasu sun fake a hasumiyar cocin St Peter, ya sa aka cinna mata wuta. Ya ce waɗanda suka miƙa wuya daga baya a wata hasumiya, hafsoshinsu an fasa musu kai, sojojin kuma an kashe ɗaya cikin kowane goma, saura aka tura Barbados. Wannan na ƙarshen ba zafin faɗa ba ne, an kwana an tashi. Limaman Katolika da aka samu su ma an kashe su. Limamin rundunarsa Hugh Peter ya ba da adadin 3,552.

Sai kuma dalilin da ya bayar: wai hukuncin Allah ne na adalci a kan waɗanda suka tsoma hannu cikin jinin bayin Allah, yana nufin 1641. To matsalar ita ce Drogheda ba ta hannun 'yan boren 1641. Su ne ma suka yi mata ƙawanya a lokacin suka kasa cin ta. Shi kansa Aston Bature ne ɗan Ingila, kuma cikin sojojinsa akwai Ingilishi, akwai Furotesta. Ramuwar gayya ce ta faɗa kan mai uwa da wabi.

Kuma in dokar yaƙi ce kawai, me ya sa a duk yaƙin da ya yi a Ingila bai taɓa yin mai girman wannan ba?

Na_Maradi:
Gaskiya ne wai da ƙafarsa ta katako aka kashe Aston ɗin? Na taɓa jin haka, na ɗauka ƙarin gishiri ne.

Malam_Idi_Zazzau:
Haka aka ruwaito tun a zamanin. Ya rasa ƙafa ne bayan ya faɗo daga doki, kuma sojojin sun ji jita-jitar cewa ya ɓoye zinariya a cikin ta katakon. Tambayar Barista ta ƙarshe kuwa, amsarta tana cikin wata doka da majalisa ta yi a Oktoban 1644, cewa duk ɗan Ireland da aka kama da makami a Ingila kada a yi masa afuwa. Bayan Naseby ma sojojin majalisa sun kashe mata sama da 100 a sansanin sarki don sun ɗauka 'yan Ireland ne, alhali ana kyautata zaton 'yan Wales ne, yarensu ne ba a gane ba. Ka ga tun kafin a hau jirgin ruwa an riga an raba jini kashi biyu.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Na yarda da batun sojoji. Amma farar hula fa? Akwai wani marubuci, Tom Reilly, shi ma ɗan Drogheda ne, ya yi littafi yana cewa babu shaidar gani da ido da ta tabbatar an yi wa farar hula kisan gilla da umarnin Cromwell. Ɗan gari ne fa, ba Bature ɗan Landan ba.

Ummu_Khalil:
Yaya Gaskiya, an san shi a nan, kuma yawancin malaman tarihi na jami'o'insu ba su yarda da shi ba. Ni ba masaniya ba ce, amma na ga lungunan tsohon garin. Ƙanana ne ƙwarai. Dubban sojoji su shigo da takubba da magariba suna bin mutane gida-gida, a ce wai an tsaya tantance wane ne soja wane ne mai shago? Hankalina bai kama ba.

Kofur_Mai_Ritaya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, ba a tantancewa a irin wannan hali. Wexford ma ta fi nuna haka. Ranar 11 ga Oktoba ana tsakiyar tattauna sharuɗɗan miƙa wuya, sai kyaftin ɗin da ke riƙe da ganuwar tsaron garin ya buɗe wa sojojin Cromwell, suka kwarara ciki. Kusan 2,000 suka mutu, wasu a kwale-kwalen da suka yi wa lodi fiye da kima suka nutse. Bai ba da umarni ba, amma bai hana ba, bai kuma hukunta kowa ba. A aikin soja wannan ma laifin kwamanda ne.

Amma kada a ɗauka ko'ina ya taka aka watse. Waterford ta gagare shi a ƙarshen 1649, ga ruwan sama ga atuni yana cin sojojinsa. Sai Clonmel da ke gundumar Tipperary a Mayun 1650, inda kwamandan garin Hugh Dubh O'Neill ya koya masa darasi. Da igwa ta fasa ganuwa, O'Neill ya sa aka gina wani dogon lungu a bayan ɓarakar, bango hagu da dama, igwa a ƙarshe. Suka ruɗu suka shiga, na baya na turo na gaba, aka yi ta zuba musu wuta. An ce ya rasa tsakanin 1,500 zuwa 2,500 a yini ɗaya. Da albarushi ya ƙare wa O'Neill sai ya sulale da mutanensa cikin dare ya haye kogi, magajin gari ya je ya karɓo sharuɗɗa masu kyau. Sai da aka sa hannu Cromwell ya gane an yi masa wayo. Ya fusata, amma bai taɓa garin ba.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Yauwa Kofur! Mahauci zai cika wannan alkawarin?

Barista_Gusau:
Zai cika in yana buƙatar sauran garuruwa su yarda da sa hannunsa. Amma ni a ganina duk mun tsaya a inda jini ya fi ja, mun bar inda ciwon yake. Wata tara kawai Cromwell ya yi a Ireland, ya tafi a ƙarshen Mayun 1650 ya bar surukinsa Henry Ireton. Mafi yawan mutuwar bayan tafiyarsa ce: ƙona amfanin gona don a hana 'yan sari-ka-noƙe abinci, yunwa, annoba. Ireton ɗin ma annoba ce ta kashe shi a Limerick a 1651.

Ga batun kuɗin da Malam ya bar mini. Tun 1642 majalisa ta karɓi bashi daga 'yan kasuwar Landan da alkawarin za a biya su da eka miliyan 2.5 na ƙasar Ireland. Ƙasar da ba a ci ba tukuna, an riga an jinginar da ita. Sojoji kuma suna bin albashin watanni, aka ce su ma da fili za a biya su. To ko da kowane gari ya buɗe ƙofa ya yi maraba, dole a ƙwace ƙasa, in ba haka ba da me za a biya? Dokar 1652 ta zo ta tsara abin. Masu filaye Katolika aka ce su tattara su haye kogin Shannon zuwa Connacht kafin 1 ga Mayu 1654. Likitan rundunar, William Petty, shi ya auna ƙasar ya zana taswira, ya kuma fito da makeken rabo a Kerry. Ƙananan sojoji da yawa sun sayar wa hafsoshinsu takardun filin da araha don su samu na komawa gida. Kafin yaƙin kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar na hannun Katolika. Bayan ƙura ta lafa, har da ɗan abin da aka mayar bayan dawowar sarauta, bai fi kashi 20 da ɗoriya ba. Wannan ne jikokin jikoki suka tashi suka tarar, suna biyan haya a gonar kakanninsu.

Bitrus_Kagoro:
Barista ka tuna mini da wani Fada ɗan Ireland da ya koyar da mu a sakandare. Shekarunsa sun fi 30 a Arewa, Hausa a bakinsa har da karin magana. In muna gunaguni kan Turawan mulkin mallaka sai ya ce kada mu haɗa da shi, su aka fara gwada wa kafin a zo kanmu. Ranar da darasi ya kai kan Cromwell sai ya ajiye alli, ya ce a zamanin ladan kamo limamin Katolika fam 5 ne, daidai da ladan kashe kyarkeci. Ya ce da a lokacin yake, kuɗinsa ke nan. Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Sadiq, a New Ross gwamnan garin ya nemi a bar wa mutane 'yancin addini. Cromwell ya amsa cewa shi ba ya shiga tsakanin mutum da zuciyarsa, amma in ana nufin a bar su su yi ibadar Mas ta Katolika, ba za a yarda ba a duk inda majalisar Ingila ke da iko. Mutumin da ya bar Yahudawa suka dawo Ingila a 1656 ke nan. Haƙurinsa yana da iyaka, kuma a kanmu iyakar ta faɗo.

Na_Maradi:
Abin ya yi kama da Satiru a 1906, yadda aka shafe gari don sauran su ji tsoro.

Malam_Idi_Zazzau:
Ta fuskar manufar tsoratarwa akwai kama, shi ma ya rubuta cewa abin zai hana zubar da jini nan gaba. Amma mu bar Satiru da zaurenta daban, tana da nata sarƙaƙiyar.

ZeeZee_Kn:
Ni dai tambayata ga Ummu_Khalil: an ce akwai kan mutum a cikin gilashi a wani coci a garinku, kan Oliver. Kan nasa ne suka samu suka ajiye don huce haushi?

Ummu_Khalil:
A'a ƙanwata 😄 wancan Oliver Plunkett ne, babban limamin Katolika na Armagh da aka kashe a Landan a 1681. Waliyyi ne a wurinsu, ziyara ake zuwa. Na shiga sau ɗaya da wata abokiyar aiki, ban iya daɗewa ina kallo ba.

Malam_Idi_Zazzau:
Kan Cromwell ma ya sha yawo. Ya rasu ranar 3 ga Satumba 1658. Da sarauta ta dawo, aka tono gawarsa a 1661, sai ranar da aka cika shekara 12 da kashe Charles aka rataye ta, aka sare kan aka soke a saman zauren Westminster. Daga baya ya riƙa yawo hannun masu tara kayan tarihi, sai a 1960 aka binne shi a kwalejin Sidney Sussex da ke Cambridge, inda ya yi karatu.

Sadiq, mu koma kan maganarka ta farko. A Afrilun 1653 shi da kansa ya shiga majalisar da sojoji ya kore su, aka kulle ƙofa. A Disamba ya zama Mai Kare Ƙasa, wato shugaban ƙasa. A 1655 ya raba Ingila shiyya-shiyya ya ɗora janar-janar. An miƙa masa kambi a 1657 ya ƙi, amma da ya mutu ɗansa Richard ne ya gaje shi. Mai dokar barci dai ya ɓuge da gyangyaɗi.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Duk da haka, Malam, bayansa babu sarkin Ingila da ya sake kwana da tunanin ba za a iya taɓa shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni ban ce waliyyi ba ne.

Sadiq_Landan:
Kai, na sha karatu yau. Na gode ƙwarai. Abin da ya rage mini: in haka ne, ya aka yi 'yan Ireland suka bari aka kafa gunkin, tunda lokacin suna cikin majalisar?

Barista_Gusau:
Ba su bari ba. A 1895 gwamnati ta nemi kuɗin gunkin daga baitulmali, 'yan majalisar Ireland suka tayar da ƙayar baya har aka janye. Sai wani ya biya daga aljihunsa ba a faɗi suna ba, daga baya aka san Lord Rosebery ne, wanda shi ne firaminista lokacin da aka kawo maganar. A 1899 aka kafa shi. In ka koma, ka juya ka dubi tsallaken titi, a jikin cocin St Margaret akwai ɗan ƙaramin gunkin kan Charles yana fuskantarsa.

Sadiq_Landan:
Ban lura da shi ba wallahi. Gobe in na tashi aiki zan biya in duba. Shi kuma abokin nawa ban san ta inda zan sake ɗauko masa zancen ba.

Ummu_Khalil:
Kada ka ɗauko masa da gunki. Tambaye shi daga wace gunduma kakanninsa suke, ka yi shiru, zai kai ka da kansa.

Kofur_Mai_Ritaya:
In ya ce Tipperary, ka ce masa wani tsohon kofur yana gaida mutanen Clonmel.